Mafarkin mai jinyar zuciya

 

Ƴan uwa, wanda ya tashi daga ciwon zuciya sau da yawa dare ya fi masa rana wuya. Ya ga ana yi masa wanka, ko ana haƙa kabari, ya farka cikin gumi, ƙirji na bugawa. Da asuba sai ya nufi wurin muƙaddami, wai ishara ce ta ajali.

Hadisi ya kasa mafarki uku: bushara daga Allah, tsoratarwar Shaiɗan, da zancen rai, wato abin da mutum ya wuni da shi. Wanda ya leƙa mutuwa ya dawo, me ransa zai zanta masa in ba ita ba? Mu muridai muna da saurin kiran kowane mafarki ishara. Ga kuma wasu magungunan rage bugun zuciya, irin su propranolol, da kan jawo munanan mafarkai.

Sunna ita ce ya yi tofi hagunsa sau uku, ya nemi tsari, ya juya kwanciya, kada ya yaɗa mafarkin. Amma gaya wa lokotoro neman magani ne, ba neman fassara ba, balle in barci ya ƙaura, abinci ya fita rai, baƙin ciki ya zarce sati biyu. Kada ya yanke magani da kansa. Tsayar da irin wannan farat ɗaya haɗari ne ga zuciya.

In lazimi ya yi masa nauyi, majinyaci yana da rangwame a ɗariƙa. Ya tambayi muƙaddaminsa.