Alhaji da MiFi a Aljihu

A da, maniyyaci daga Kano ko Katsina sai ya yi wasiyya, ya biya bashi, ya nemi gafarar dangi kafin ya kama hanya, domin babu tabbacin za a sake jin ɗuriyarsa. Tafiyar ta ƙasa ce, ta Barno da Chadi da Sudan har Sawakin, inda ake hawa jirgin ruwa zuwa Jidda. Wasu sun shafe shekaru suna ƙodago a hanya don tara guzuri, wasu can suka zauna, zuriyarsu na Sudan har yau.

Alhajin yanzu kuwa sa'o'i kaɗan ne tsakaninsa da Jidda. A jakarsa akwai MiFi, 'yar na'urar da ta fara shiga kasuwa a Amurka a 2009. Da ya sa mata layin STC ko Mobily ko Zain, 'yan ɗakinsu kusan goma za su jona wayoyinsu, kowa ya ga iyalinsa ido da ido.

To, wanda gida ke aljihunsa, matafiyi ne har yanzu?

Ta fuskar fiƙihu amsar a fili take. Malaman usulu sun bambanta dalilin hukunci da hikimarsa: dalilin ƙasaru shi ne tafiyar kanta, wahala kuwa hikima ce da ke bayansa. A mazhabar Malikiyya, wanda ya nufi tafiyar mil 48, wato wajen kilomita 80, zai yi ƙasaru ko a jirgi yake, ko da intanet a hannunsa. Na'urar ma ta zama abin buƙata. Ta manhajar Nusuk ake samun izinin shiga Rauda a Madina, kuma tsohuwar da ta ɓace a cikin tantunan Mina, waya ce ke haɗa ta da ayarinta. A Hajjin 2024, lokacin da zafi ya haura digiri 50 a Makka, hukumomin Saudiyya sun ce fiye da mutum 1,300 suka rasu. A irin wannan yanayi, iya kiran agaji da wuri babban al'amari ne.

Tambayar da ta fi wuya ta zuciya ce. Harami yana raba namiji da ɗinkakkun kaya, yana hana kowa turare da aski, don bawa ya ajiye duniya na 'yan kwanaki. Amma ga ɗan kasuwa sanye da harami, yaron shago na turo masa farashin atamfa daga Kantin Kwari ta WhatsApp. Ga wani yana ɗawafi, hannu ɗaya a sama yana ɗaukar bidiyo. Babu mai ikon cewa riya ce, domin Allah kaɗai ya san niyya. Abin da ake iya gani shi ne hankali ya rabu biyu a wurin da aka sha wahalar zuwa don a tattara shi.

Tsayuwar Arfa, ranar 9 ga Zulhajji, daga zawali ne zuwa faɗuwar rana, kuma mutane da yawa ba za su sake samunta ba. Ya kamata malaman bita su sa wannan a darasinsu: alhaji ya shaida wa iyalinsa tun da safe cewa lafiya yake, ya kashe MiFi, ya bar layin waya kawai saboda larura.