KADA MU FASA ƘWANSO KAFIN LOKACI



A gefen gonakinmu na Malumfashi ba a rasa tumfafiya. Ƙarƙashin ganyenta wani malam-buɗe-littafi mai launin ruwan goro yakan sa ƙwansa. Bayan 'yan kwanaki tsutsa ta fito, ta yi ta cin ganye wajen mako 2, tana saɓa tana girma. Daga nan sai ta daina ci, ta rataye kai ƙasa, ta zama ƙwanso kore mai ɗigon zinariya. Haka za ta zauna shiru, mako 1 zuwa 2.

Mai kallo zai ce aiki ya tsaya, alhali a nan ne aikin ya fi yawa. Tsohon jiki yana narkewa, fukafukai da dogayen ƙafafu suna ƙeruwa. Wanda ya fasa ƙwanson don ya taimaka, kisa ya yi. Ko bayan fitowa, sai halittar ta daɗe a rataye, fukafukanta su miƙe su bushe, kafin ta tashi.

Muna faɗin wannan ne saboda ajin masu shirin Baftisma. Kowace shekara, da Azumi ya gabato, iyaye sukan matsa wa katikis ya rubuta sunan ɗansu, ko da bai iya addu'o'i ba. Wasu samari kuma, in aka ce su ƙara shekara, sai su yi fushi, su tafi ci-rani, ba a ƙara ganinsu a aji. Abin da muke tsoro shi ne Kirista mai suna da takarda, wanda wahalar farko za ta kayar, domin fukafukansa ba su yi ƙwari ba. Sauri, in ji magabata, yakan haifi nawa.

Ubangijinmu kansa ya yi shekara kusan 30 a ɓoye, yawancinsu a Nazarat, kafin ya fara wa'azi. Ya kwanta a kabari kafin safiyar Tashi. Ikklisiyarmu ma ta jira. A 1953 aka keɓe yankin Sakkwato a hannun Fadan Dominikan, a 1964 ya zama Dayosis. Sai a 2023, bayan shekara 70, Paparoma Faransis ya kafa Dayosis ɗin Katsina, ya ba mu Bishop Gerald Mamman Musa, ɗan ƙasar Malumfashi. Katikis nawa suka koyar a ƙauyuka, suka rasu ba su ga wannan rana ba?

Saboda haka, iyaye, ku bar katikis da Fada su yi aikinsu. Masu koyo, ku riƙe aji, ku zo Misa, kada ku ƙirga watanni. Allah wanda yake ƙera fukafuki cikin duhu ya cika aikinsa a cikinmu. Amin.