Ko Laifi Ne Manomi Ya Yi Baƙin Ciki Da Kaka?

A ƙasar Lafiya ruwan sama ya kan sauka wajen watan Afrilu, ya ɗauke wajen ƙarshen Oktoba. Sa'an nan iskar da ke ɗauko ruwa daga teku ta kan ja da baya, iskar hamada ta biyo sawunta da hazo da ɗari. A Azuba da ƙauyukan da ke kewaye da ita, kuɓewar garka ta kan tsufa ta daina 'ya'ya, yaɗon kabewa ya bushe a kan danga, ganyen doya kuma ya yi ja ya zube. Lokacin murna ke nan, gama rumbu ya cika. Duk da haka akwai waɗansu, musamman dattawa da mata masu garka a bayan gida, waɗanda zuciyarsu ta kan yi nauyi a wannan lokaci, ba su kuwa iya faɗin dalili. Tambayarmu ita ce, ko wannan baƙin ciki laifi ne? In ba laifi ba ne, me za a yi da shi?

Bari mu fara da tushensa. A Ingila da arewacin Amurka yini ya kan gajarta ƙwarai bayan girbi. A shekarar 1984 wani likita a Amurka, Norman Rosenthal, tare da abokan aikinsa, suka bayyana irin damuwar da ƙarancin hasken rana ke jawo wa mutanen can. Amma a Lafiya bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta kamar sa'a guda ne kaɗai. Namu baƙin ciki yana da wani tushe dabam. Hannun da ya saba da fartanya wata bakwai ya wayi gari ba aiki. Samari sun tafi cin rani, gida ya yi shiru. Dattijo kuwa ya dubi karan da ya bushe, ya tuna da shekarunsa, ya ce a ransa, ko damina nawa ta rage mini?

Waɗansu su kan tsauta wa irin wannan mutum, su ce butulci ne a ɓata rai alhali abinci yana rumbu. Ba mu yarda da wannan ba. Wanda ya bi shuka tun tana tsiro, ya tsare ta daga ciyawa da awaki, ba zai ga ta bushe ya ji kamar ba a yi kome ba. Ɗan ƙodago ya karɓi ladansa ya tafi, ko waiwaye ba ya yi. Mai gona ne ya kan tsaya a bakin kunya yana dubawa. Ashe baƙin cikin nan shaida ce ta ƙaunar aiki, godiya da kewa kuwa suna iya zama cikin zuciya ɗaya.

Hatsarin yana cikin abin da mutum ya yi da shi. Wani ya kan nemi kashe kewa a gidan giya, har kuɗin riɗi da na agushi su ƙare tun ɗari bai wuce ba. Wani ya karai, ya ce ba zai ƙara noma ba, ya kai har doyar iri kasuwa. A nan ne baƙin ciki ya kan zama laifi, gama ya cinye daminar da ba ta zo ba tukuna, ya bar 'ya'ya da yunwa.

Doya kanta tana koya mana hanya mafi kyau. Bushewar ganyenta alama ce ta cewa abin da ke ƙarƙashin ƙasa ya ƙosa. Bayan an haƙe ta, ta kan kwanta watanni ba tsiro, sai ka ce matacciya, alhali kuwa da ranta. Manomi mai hankali ya kan ware iri tun kafin ya ci ko ya sayar. Da yawa su kan tada kunya tun ƙasa tana da laima, su binne irin, su rufe kan kunyar da ciyawa domin zafin rana, su jira ruwan fari. Watau a makonnin da ido ke ganin kome ya ƙare, a cikinsu ne a ke kafa gonar baɗi. Haka kuma cikin Littafin Firistoci, sura 25, an umarci Isra'ilawa su bar ƙasa ta huta kowace shekara ta bakwai. Hutun ƙasa ba horo ba ne, yana cikin shirin Mahalicci. Wanda ya karɓi damina daga hannunsa, sai ya karɓi rani kuma.

Amma kada mu haɗa kewar kaka da asara. Wanda ambaliya ta cinye gonarsa, kamar yadda ta faru ga mutane da yawa a kwarin Binuwai a 2012 da 2022, ba wa'azin haƙuri kaɗai ya ke bukata ba; yana bukatar mudun hatsi da irin shuka daga hannun maƙwabtansa. Wanda kuma baƙin cikinsa ya daɗe har ya hana shi barci da cin abinci, a kai shi wurin likita, ba abin kunya ba ne.

Saboda haka, 'yan'uwa, kada mu tsauta wa mai kewa, kada kuma mu bar shi shi kaɗai. Mu je mu zauna tare da shi, mu tambaye shi irin da ya ajiye, mu roƙe shi ya koya wa yaranmu yadda a ke zaɓensa.

Tambayoyi domin tattaunawa:

1. Ina bambanci tsakanin kewa da gunaguni?
2. Wane abu ne ya kan cinye amfanin gona a garinmu tun rani bai yi nisa ba?
3. Wa ke cikinmu da ba shi da irin shuka bana, me kuwa za mu yi masa kafin ruwa ya sauka?