Matse Saƙo a Hannun Ɗan Tsakani

 

Ka sani ya ɗan'uwa, shafin da kake buɗewa a waya ba kullum yake iso maka kai tsaye ba. Sau da yawa akwai kwamfuta tsaye tsakaninka da mai shafin, ana ce mata firoksi, ko katangar tsaron ma'aikata. Wani lokaci takan karɓi shafin, ta matse shi ya ƙanƙance, sannan ta miƙo maka, datarka ta yi auki.

Hikimar ba baƙuwa ba ce ga ɗalibin hadisi. Da marubuta isnadi suka ga "haddasana" tana ta maimaituwa, sai suka taƙaita ta da 'yan haruffa, mai karatu ya cike saura. Kusan haka Abraham Lempel da Jacob Ziv suka tsara a 1977: abin da ya riga ya gabata ba a sake rubuta shi, ishara kawai ake yi zuwa inda yake da tsawonsa. A kan wannan, haɗe da dabarar David Huffman ta 1952, aka gina manhajar matsewa ta gzip a 1992. Rubutu yana matsuwa ƙwarai. Hoton JPEG da bidiyo kuwa an riga an tatse su, sai dai a rage musu kyau.

Mun ga amfaninsa. Manhajar buɗe shafuka ta Opera Mini, da wani kamfanin Norwe ya fitar a 2005, ta wannan hanya ta kai talaka intanet da 'yar wayarsa mai madannai. Tattalin dukiyar mai ƙaramin ƙarfi aikin lada ne, in niyya ta kyautata.

To amma ga inda zuciyata ba ta kwanta ba. Saƙon da aka kulle da HTTPS ba ya matsuwa, domin kullewar ta shafe maimaicin da ake dogaro da shi. Ɗan tsakani ba zai matse ba sai ya buɗe, in ya buɗe kuwa kalmar sirrinka da lambar asusunka sun ratsa ta hannunsa tsirara. Nan magana ta koma babin amana, kuma shari'a ta hana bin diddigin asirin mutane. A ganina wajibi ne mai kula da katangar ofis ya sanar da ma'aikata ƙarara, ya kuma keɓe shafukan banki da na asibiti kada a taɓa su. Mafi tsarki shi ne mai shafin ya matse kayansa a firoksin ƙofarsa, da gzip ko Brotli da Google ya fitar, kafin ya sa makulli.