Wa ke tsaron icce, mai shuka ko mai gatari?

Duk taron da aka yi kan canjin yanayi a Yamai, akwai mutum guda da ba a gayyata amma kullum shi ake tuhuma: mai sarar icce. Shi ne ke kawo hamada, in ji masu jawabi. Ana tashi daga taron, a je a ci shinkafar da aka dafa da iccen da ya saro daga wajen Torodi ko Say. Mu ma ɗalibai, ko muna dafa shayinmu da gaz, abincin da muke saye a bakin jami'a da icce ko gawayi aka yi shi. To, in sara laifi ne, laifin wa? Na hannun da ya riƙe gatari, ko na cikin da ya aike shi?

Ni dai a ganina an juya tambayar. Abin dubawa shi ne a wane hali ne mutum ke barin icce ya girma. Kuma ƙasarmu ta riga ta gwada hanyoyi biyu.

Ta farko tana nan kusa da mu. Tun 1965 aka fara dasa dajin da ya kewaye Yamai, galibi dogon yaro, sama da hekta 2,000, don ya tare ƙura da iska. Aiki ne na hukuma, an kashe kuɗi, an biya ƴan ƙwadago. Yau wanda ya bi ta can zai ga gidaje, filayen da aka yanka aka sayar, da juji. Dajin na kowa ne, shi ya sa ba wanda ya kwana da tunaninsa. Haka ma shukar 3 ga Agusta: a dasa, a ɗauki hoto, a watse. Kafin rani ya yi nisa, akuya ta gama da rabonta.

Ta biyu kuwa a gonakin Maradi ta faru. A 1983 wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda ya sha dasa itatuwa suna mutuwa, ya lura cewa ƴan tsiron da manoma ke sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ne, kututture ne masu rai da saiwa a ƙasa. In aka zaɓi reshe biyu ko uku aka rage sauran, sai su tashi su zama icce. Sassaben zamani ke nan. Ba famfo, ba gandun renon shuka, wuƙa ce kawai da haƙuri. Daga baya masu bincike suka ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 ne suka farfaɗo ta wannan hanya a kudancin Nijar, itatuwa wajen miliyan 200.

Amma dabarar kaɗai ba ta isa ba. A da, icce kamar gawo na gwamnati ne ko da a tsakiyar gonarka yake. Ka sare reshe, ma'aikatan gandun daji su ci ka tara. Wane mai hankali ne zai raini abin da zai ja masa tara? Gara ya kashe shi tun yana tsiro. Da manomi ya samu tabbacin cewa iccen da ya raina nasa ne, zai iya sassaƙa, ya sayar, ya ba dabba ƴaƴan gawo, sai ya koma mai gadi ba tare da albashi ba. Wato ikon sara ne ya ceci iccen. Wannan abin ya daɗe yana ba ni mamaki, don ya saɓa wa duk abin da aka koya mana a lakwal.

Shi ya sa nake ɗari-ɗari idan na ji furoje ya zo da alkawarin "ayyukan kare muhalli" ga matasa. Ba na raina tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30. Duk wanda ya sha duhun 2023, lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta, ya san amfaninta. Sai dai irin wannan tasha tana ɗaukar mutane da yawa lokacin gini, kaɗan bayan an gama. Haƙar rabin wata a biya ka da kuɗi ko hatsi ma taimako ne, amma ranar da kuɗin suka ƙare, wa zai koma ya duba ramin? Alhali tun 1992 muna da tsarin kasuwannin icce na karkara, inda ƙauye ke kula da dajinsa, ya sari abin da aka ƙayyade, ya riƙe wani kaso na haraji. Bai tafi daidai ko'ina ba, wasu wuraren an wuce ƙa'ida, yanzu ga rashin tsaro. Duk da haka, shi ne ya taɓa kallon mai gatari a matsayin ma'aikaci maimakon ɓarawo.

Wani aboki ya tare ni da magana mai nauyi. Ya ce, "Kai, in kowane icce ya samu mai shi, ina matar da ba ta da gona za ta samo na girki? Ina makiyayi zai sassabo ganye a watan bakwai?" Gaskiya ya faɗa. Abin da yake na kowa, ko ya lalace, talaka na tsinta a ciki; abin da ya zama na wani, sai da izini ko da kuɗi. A ƙauyen Ɗan Saga, wajen Agye, kwamitin da ke sa ido kan itatuwa ya haɗa da mata da Fulani makiyaya, don a zauna a yanke wa zai ɗauki me. Ko wannan zai yiwu a gefen Yamai, inda fili guda ya fi gonar gero tsada nesa ba kusa ba, kuma mai yanka filin ba ya zuwa zaman kwamiti?