Makin Salula

Wani mushe ya kira ni a shirina na daren Laraba, murya cike da murna. Ya buɗe wa ajinsa zaure a WhatsApp, yana jefa tambayar lissafi kamar kacici-kacici, wanda ya riga amsawa ya ci maki. Ya ce wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu a lakkwal ba, yanzu ita ke cika zauren da saƙon murya.

Na taya shi murna har zuciyata. Mu ma da carafke da dara muka fara ƙirga. Sai dai dara ƙasa ce da tsinke, ɗan kowa na iya durƙusawa ya haƙa gurbi. Salula kuwa sai kuɗi, sai wutar caji.

Na tambaye shi yara nawa ke cikin zauren. Ya yi jim, ya ce ba su kai rabin aji ba.

Ban ce ya rufe shi ba. Yarinyar nan ta samu baki, zalunci ne a ƙwace mata. Makin ne ban yarda da shi ba: in ya shiga takardar sakamako, aljihun uba aka auna.

Mushe ya ce zai sake tunani. Kafin in amsa, kuɗin wayarsa suka ƙare.