Ruwan Sama Amana Ne

Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako za mu yi magana a kan ruwan sama, da hanyar da Allah ya tsara masa tun daga teku har zuwa randar da ke ɗakin kowanenmu, da kuma hakkin da ya rataya a wuyanmu game da shi.

Alƙur'ani mai girma ya yawaita jawo hankalinmu zuwa ga wannan aya ta Ubangiji. A Suratur Rumi, aya ta 48, an ba mu labarin iska da ke tayar da girgije. A Suratuz Zumari, aya ta 21, an nuna mana yadda ruwa ke shiga ƙasa ya zama maɓuɓɓugai. A Suratul Waƙi'a kuwa, aya ta 68 zuwa ta 70, an tunatar da mu cewa da Allah ya so, da ruwan shanmu ya zama zartsi. To, tun da an umarce mu da lura, bari mu duba yadda aikin ke gudana.

Masana sun ƙiyasta cewa kashi 97 cikin 100 na ruwan duniya na teku ne, mai gishiri, ba ya shayuwa, ba ya kuma raya shuka. Sai Allah ya hore rana ta zama ma'aikaciyar da ke tace shi. Kimanin kashi 30 cikin 100 na haskenta yana komawa sararin samaniya, sauran kuwa iska da ƙasa da teku ne ke shanye shi. Wannan zafi shi ke mayar da ruwa tururi, ya tashi ya bar gishirin a baya. Tururin ba ya tashi hannu sake, da zafin yake tafiya. Shi ya sa ruwan randa ke sanyi, domin abin da ya tsattsafo ta jikinta yana bushewa ne da zafin da ya kwasa daga ciki. Haka gumi ke yi wa jikin mutum.

Idan tururin ya yi sama ya tarar da sanyi, sai ya koma ɗigo-ɗigo, kamar yadda ake gani a murfin tukunya, watau girgije ke nan. A nan yake sakin zafin da ya ɗauko, zafin nan kuwa shi ke ƙara tunkuɗa iska sama har hadari ya haɗu. Galibi tururi ba ya wuce kwana 9 ko 10 a cikin iska kafin ya sauko. A ƙasashenmu, idan bazara ta gasa ƙasa, iska mai laima takan taso daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma ta maye gurbin busasshiyar iskar hunturu. Ashe zafin bazarar da muke kuka da shi, shi ne ɗan aiken damina.

Ga inda maganar ta shafe mu. Ruwan da ya sauka, wani yakan bi rafi ya koma teku, wani ya nutse ya cika rijiyoyi, wani kuma saiwar itace ta tsotse shi ta mayar da shi iska ta ganye, ya sake zama girgije. Ƙasa mai itatuwa tana kashe zafin rana wajen tayar da laima, amma ƙasar da aka tsiraita sai ta gasa iska kawai, ruwa kuma in ya zo ya kwashe ta ya wuce, ga zaizaya ga ambaliya, rijiya kuwa ba ta samu rabonta ba.

Dattawanmu ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100 a shekarun 1980. Masana sun gano cewa babban sababin farin shi ne sauyin ɗumin ruwan teku, amma lalle ƙasar da ta rasa itatuwanta ta fi jin jiki. Manoman jihohin Maraɗi da Damagaram sun ɗauki darasi. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 suka riƙa barin tohon gawo da sauran itatuwa a gonakinsu lokacin sassabe, har aka ƙiyasta sun raya hekta miliyan 5.

Saboda haka, ya ɗan'uwa, fita roƙon ruwa sunna ce tabbatacciya, amma ba ta sauke maka nauyin riƙo da sababi ba. Bai kamata mu ɗaga hannu da hantsi muna roƙo, da la'asar kuma mu ɗauki gatari mu nufi ɗanyen itace ba. Ya tabbata a cikin Buhari da Muslim cewa wanda ya dasa itace yana da ladar sadaka duk sa'ad da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi. Ya tabbata kuma cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi alwala da mudu ɗaya na ruwa, watau kimanin cikin tafi biyu. Ina mai barin famfo yana zuba har ya gama alwala?

Kowane magidanci ya dasa itace a daminar nan ya kuma tsare shi, ya hana ƙona daji, ya koya wa iyalinsa tattalin ruwa. Suratul Mulki ta rufe da tambaya a kan wanda zai kawo mana ruwa idan namu ya ƙafe, kowa ya san amsarta. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu cikin masu riƙon amana, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.